Gawa a Ɗakin Dalma

Inspekta Tanimu Issoufou yana tsakiyar cin dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, a bironsa na ofishin 'yan sanda lokacin da Birgadiye Isaka ya leƙo ta ƙofa.

"Shef, an kashe mace a unguwar Yantala. A kilinik ɗin Dokta Ismaël Yacouba, inda ake ɗaukar hoton cikin jiki."

Inspekta ya rufe kwanon, ya wanke hannu. Ƙarfe biyu saura kwata ne na ranar Asabar, zafin rana har ya sa gudron, kwaltar titi, ya yi laushi.

Ranar Asabar ƙarfe sha biyu ake tashi a kilinik ɗin, don haka ba su tarar da kowa ba sai mai gadi da wata dattijuwa mai shara, Haoua, zaune a ƙasa. Daga cikin ginin wani abu yana ta kuka, fit, fit, fit, ba ya tsayawa.

"Inna, ke kika gan ta?" Inspekta ya tambaya.

"Ni ce. Na zo shara, na ji abin nan yana kuka, na tura ƙofa. Priska ce."

"Wace ce Priska?"

"Ita ke yi wa mutane allura, ita ke tuƙa babban injin. 'Yar Dogondutsi ce. Shekara bakwai tana nan, ban taɓa jin ta ɗaga wa kowa murya ba."

Ɗakin ƙarami ne, ba taga, a jikin ƙofarsa akwai alama rawaya mai fukafukai uku. A kan tebur an jera tubala masu launin toka kamar an gina ɗan shinge. Priska tana kife a ƙasa cikin farar rigar aiki. An fasa mata kai ta bayan kunnen dama, ƙashin ya lotsa ciki, kitsonta ya cuɗe da jini da ƙwaƙwalwa. Yatsu biyu na hannun damanta sun karye sun juya baya. Kusa da kanta ɗaya daga cikin tubalan nan yana yashe, gashi manne a kusurwarsa. Jinin ya malala ya gauraya da wani ruwa garai-garai da ɓaraguzan kwalba.

Ba bugu ɗaya aka yi mata ba. Inspekta ya ƙirga uku.

Ya sa safar hannu ya gwada ɗaga tubalin, sai ya ji shi kamar an kafe a ƙasa.

"Dalma ce, ta haura kilo goma," in ji wata murya a bayansa. "Ka ajiye. Ka fito da baya, ka tsaya nan bakin ƙofa."

Wata doguwar mace ce mai tabarau, riƙe da wani ƙaramin akwati rawaya. Ta ce sunanta Madam Balkissa, daga ofishin gwamnati mai sa ido kan magungunan nukiliya. Lambarta ce liƙe a jikin ƙofar, mai gadi ya buga mata.

Ta kai akwatin kusa da takalmin Inspekta. Ya ɗauki ƙara kamar ana soya gyaɗa a yashi mai zafi.

"Cire su."

Ta jefa takalman cikin leda ta ɗaure, ta miƙa masa silifas ɗin wanka.

"Madam, ki yi mini bayani yadda zan gane. Mene ne wannan?"

"Kontar ce. Ba ta ganin komai, ƙirgawa kawai take yi. Ruwan da ya zube sunansa teknesiyom. Yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, yana ratsa fata da nama, dalma kaɗai ke tare shi. Duk ƙwayar hasken da ta shigo cikin akwatin nan, sai ya yi tas ɗaya. Ko a fili za ka ji tas, tas, jefi-jefi, don ƙasa da iska ma suna fitar da ɗan kaɗan. In ka ji ta ruɗe kamar yanzu, akwai abu."

"Yana kisa?"

"Wannan bai kai ba. Ana ma yi wa marasa lafiya allurarsa. Abin da ya shafe ka shi ne, ba ya daɗewa. Duk awa shida rabinsa ke mutuwa."

Ta nuna wata na'ura a jikin bango, wadda ke ta kukan nan. Ta danna ta, ta yi shiru, lambobi suka fito.

"Wannan tana rubuta ƙirge da lokaci. Tun safe layin a kwance yake. Ƙarfe ɗaya saura minti ashirin ya miƙe tsaye. Lokacin kwalbar ta fashe."

"Kenan wanda ya kashe ta ya taka ruwan."

"Ya taka, wataƙila ma ya fantsar masa. Kafin magariba rabi ya rage a jikinsa. Gobe war haka, kashi ɗaya cikin sha shida. Bayan kwana uku ko na manna masa kontar a fata ba za ta ce komai ba."

Inspekta ya dubi agogonsa. Ƙarfe biyu da rabi.

Mai gadi ya ce mutum ɗaya ya gani ya fita ta gaba bayan an tashi, wani ƙaton mahauci daga kasuwar Petit Marché mai suna Ousmane. Ya fita yana zagi, yana cewa sai ya fasa kan matar nan. Lokacin da ya fita kuwa, mai gadi bai duba agogo ba, daga nan ya tafi alwala.

Suna cikin haka wata farar mota ta tsaya a tsallaken titi. Wani mutum mai furfura kaɗan a gemu ya fito, sanye da shadda ruwan ƙasa da sabon takalmi. Ya tsaya a bakin get, bai shigo ba.

"Ni ne Dokta Ismaël. Yanzu aka buga mini."

Inspekta ya miƙa masa hannu. Dokta ya ba shi wuyan hannu, irin yadda mai jiƙaƙƙen hannu ke yi.

"Ka shigo ka gani, Dokta."

"Ba zan iya ba, Inspekta. Ni na koya mata aikin nan. Ku bar ni in tuna ta yadda na san ta."

"Ina kake da ƙarfe ɗaya saura?"

"A hanya. Tun Laraba ina Dosso wajen mahaifiyata, ba ta da lafiya. Shigowata Yamai kenan."

"Yaushe rabonka da cikin ginin nan?"

"Talata da yamma."

"Tun Talata ba ka taɓa maganin nan ba?"

"Ko kusa da shi ban je ba. Priska ce ke haɗa shi. An ce mini mahaucin nan ya zo yau. Ku neme shi, tun zuwansa na farko yake rigima." Ya ja numfashi. "Zan je gida in watsa ruwa, da yamma in koma Dosso. In kun buƙace ni, ranar Laraba ina nan."

Madam Balkissa tana can ciki tana bin daɓe, ba ta fito ba. Dokta ya koma motarsa ya tafi.

Madam Balkissa ta ba Isaka kontar ta biyu, ta nuna masa yadda ake riƙewa. Suka nufi Petit Marché.

A layin mahauta ƙudaje sun yi baƙi a kan tebura. Tun kafin su ga Ousmane kontar ta fara magana, tas-tas-tas, tana ƙara sauri duk takun da suka yi. Da suka iso teburinsa sai ta koma ihu ɗaya miƙaƙƙe. Mutumin ya haura kamu huɗu a tsaye, rigarsa duk jini, yana saran ƙashin sa da barandami.

"Kai ne Ousmane? Ina ka je yau da safe?"

"Ban je ko'ina ba. Tun asuba ina nan."

"An kashe Priska."

Ousmane ya dubi akwatin da ke ihu a hannun Isaka, ya dubi kakinsa. Sai ya kifar da teburin a kansu ya juya zai gudu. Inspekta ya cafki wuyan rigarsa. Ousmane ya juyo da barandamin, kaifin ya tsaga wa Inspekta damtse, jini ya feso a kan tarin hanji. Mata masu cefane suka watse da kururuwa. Isaka ya ɗauki benci ya maka masa a gadon baya. Mahaucin ya ƙwalla ƙarar da ta fi ƙarfin bugun, ya faɗi a kan fuskarsa, haƙoransa biyu suka zube a cikin kwata. Sai da mutum huɗu suka danne shi kafin ankwa ta shiga.

A cikin motar pikap, Inspekta yana ɗaure damtsensa da ƙyalle, ya ce, "Me ya sa ka gudu?"

"Na zage ta a gaban mutane, Shef. Da ka ce ta mutu, na san ni za a ɗora wa." Yana magana jini yana bin haɓarsa. "Wata shida bayana yana ciwo. Aka turo ni hoton ƙashi. Ta yi mini allura ƙarfe tara, ta ce in je in sha ruwa da yawa in dawo sha biyu. Na dawo, ta ce ba za ta ɗauki hoton ba, in tafi wani wuri. Na bar sana'ata tun safe. Shi ya sa na zage ta. Amma tsaye na bar ta."

A kilinik Madam Balkissa ta ɗauki auduga ta goge tafukan hannunsa, da ƙasan takalminsa, da gaban rigarsa. Ta kai kowace auduga ɗaki na nesa ta auna. Kontar ta yi tas, ta daɗe, ta sake tas.

"Babu komai a fatarsa ko a kayansa," in ji ta. "Abin da ke sa ta ihu a cikin jikinsa yake. Zo ka gani da idonka."

Ta kai su babban ɗaki mai sanyin na'urar kilima. Akwai dogon gado siriri, a samansa wani ƙaton faifan ƙarfe mai kusurwa huɗu. Aka kwantar da Ousmane da ankwarsa, ta sauko da faifan har ya kusa taɓa ƙirjinsa.

"Ita ce kamara gama. Ba kamar hoton radiyo da ake yi wa mai karaya ba ce, ba ta haska mutum. Mutumin ne ke haskawa, ita tana tarewa. A fuskarta akwai farantin dalma mai dubban ƙananan huji, hasken da ya zo a miƙe kaɗai ke wucewa. Bayansa akwai wani dutse kamar gilashi, duk ƙwayar da ta buge shi sai ya yi ƙyalli. Bayan dutsen akwai idanu hamsin da wani abu masu ganin ƙyallin, su faɗa wa ordinatar, wato kwamfuta, inda ya faru. Ordinatar ta ɗiga ɗigo ɗaya. Ɗigo dubu ɗari biyar, ka sami hoto."

A kan allon ɗige-ɗige suka fara taruwa kamar ana yayyafa gero. A hankali haƙarƙari ya bayyana, da ƙashin baya, da kafaɗu.

"Maganin da aka yi masa an haɗa shi da wani abu mai kai shi ƙashi. Gaskiya ya faɗa, allura ce."

Sai ta matso da fuskarta kusa da allon.

A ɓangaren hagu na hoton akwai wani fili fari fat, girman tafin hannu. Haƙarƙari uku sun shiga cikinsa sun ɓace, sun fito ta ɗaya gefen.

Ta matsar da gadon, ta sake ɗauka. Ƙasusuwan suka matsa. Filin bai matsa ba.

"Wannan ba a jikinsa yake ba, a jikin injin yake. Wasu daga cikin idanun sun mutu. Duk cutar da ta faɗo a wurin nan ba za a gan ta ba, ko da ciwon daji ne ya cinye ƙashin."

Ta buɗe hotunan da aka ba marasa lafiya a watannin baya. Babu fili a ko ɗaya. Ta buɗe ainihin abin da injin ya ɗauka kafin a gyara. Filin yana nan a kowane, tun watan Satumba.

"Wani yana cike ramin da hannu, yana kwafo ƙashi mai lafiya daga ɗaya gefen yana liƙawa." Ta cire tabarau. "Ranar Alhamis Priska ta buga mini. Ta ce tana son ganina Litinin, akwai abin da ba za ta faɗa a waya ba. Na ce mata to, na ci gaba da aikina."

"Wa ke sa hannu a hotunan?"

"Likita ɗaya ne a gidan nan."

Inspekta ya sa a kwance wa Ousmane ankwa, a kai shi a ɗinke masa baki. Maganar damtse, ya ce, za su yi ta daga baya.

"Akwai saura," in ji Madam Balkissa. Ta fito da Inspekta baranda. Duk lokacin da suke kasuwa tana rarrafe da kontar, tana zana da'ira da alli a duk inda ƙirgen ya hau. Ta wajen gaba da'irorin sun cakuɗe, sawun Haoua ne da na mai gadi da na Inspekta kansa. Amma wani layi ya ware shi kaɗai ya yi baya, taku mai faɗi, na mai sauri. Ya shiga biron likita ya tsaya a wurin wanke hannu, inda ta zana da'ira uku a kan juna. Daga nan ya fita ta wata ƙaramar ƙofar ƙarfe da ke buɗewa cikin lungu, ya ƙare a kan yashi kusa da sawun taya.

"Inna, wa ke da makullin ƙofar nan?" Inspekta ya tambayi Haoua.

"Dokta da Priska."

Makullin Priska yana cikin aljihun rigarta.

Ƙarfe shida saura kwata suka isa gidan Dokta Ismaël a unguwar Kouara Kano. Get ɗin a buɗe yake, farar motar a tsakar gida tana aiki, an riga an sa jaka a baya. A gindin katanga wani rabin tano, wato gangar ƙarfe, yana hayaƙi mai warin roba. Dokta yana tsaye kusa da shi da sanda a hannun hagu.

"Shara nake ƙonawa kafin in tafi," ya ce.

Madam Balkissa ta wuce shi ta miƙa kontar bisa tokar. Ƙarar ta cika tsakar gidan.

"Dokta, kai ma ka sani wuta ba ta cin sa," ta ce.

Inspekta ya karɓi sandar ya tona. Ƙasan takalmi ya fito, da maɓallan riga, da gefen wani littafi da ya ƙone.

"Ka ce mini tun Talata ba ka je kusa da maganin ba. Na Talata da yanzu ya mutu murus. Wannan na yaushe ne?"

Dokta ya hankaɗe Madam Balkissa, kanta ya bugi katanga, tabaranta ya fashe. Ya faɗa mota ya taka. Isaka yana tsaye a bakin get, ya ɗaga hannu. Motar ta ɗebe shi ta haɗa ƙafarsa da ginshiƙin ƙarfe. Inspekta ya ji ƙarar ƙashin daga inda yake.

Ya zaro bindiga ya harbi tayar gaba sau biyu. Motar ta karkace ta daki bishiyar dalbejiya a waje. Ya fasa gilashin da gindin bindiga, ya kamo Dokta ta wuya ya jawo shi ta tagar, tsinin gilashi yana yanka masa kafaɗa. Suka zube a ƙasa tare. Dokta ya kai cizo daidai damtsen da aka sara. Inspekta ya buga masa gwiwa a ciki, ya murɗe hannunsa na dama ta baya, ya buɗe yatsun da ƙarfi.

A tsakiyar tafin akwai filasta. A ƙarƙashinta yanka ne mai zurfi, sabo, an yi masa ɗinki huɗu a karkace, irin na wanda ya ɗinke kansa da hagu.

Motar asibiti ta tafi da Isaka, ƙashin ƙwaurinsa a waje. Ana kiran magariba suka koma kilinik da Dokta.

"Wuƙar kicin ce ta yanke ni," ya ce da suka shiga babban ɗakin. "Tokar kuma, tsofaffin kayan aiki ne. Ina son lauyana."

"Za ka gan shi. Kwanta."

Madam Balkissa, goshinta a kumbure, ta saita wuyansa a ɓangaren faifan da ke da lafiya, ta ɗora hannun a gefen. Ɗige-ɗige suka fara taruwa. Ba ƙashi ko ɗaya. A tafin hannun wani baƙin layi ya fito. A gaban wuyan kuma wani abu ya bayyana mai fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi.

"Ka karanta mana, Dokta, aikinka ne," in ji Inspekta.

Dokta ya juya kai ya kalli allon. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ƙullin wuya ne, wanda ke kumbura ya zama maƙoƙo," Madam Balkissa ta faɗa wa Inspekta. "Teknesiyom tsantsa, wanda ba a haɗa da komai ba, nan yake taruwa in ya shiga jini. Kwalba ɗaya ce tsantsa a gidan nan yau, ita ce ta fashe. Ya wanke fatarsa, ya ƙona kayansa. Amma ta yankan nan ya shiga."

Dokta ya rufe ido. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka ƙasa.

"Watan Satumba wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, ta kashe idanun. Masu gyara suna Turai, suka ce wata biyar. In na rufe wata biyar, na rufe har abada. Na ce wurin ƙarami ne, da wuya cuta ta faɗo daidai nan. Ni nake gyara hotunan bayan an tashi. Ita na ce mata ina rubuta wa likitocin marasa lafiyar gargaɗi."

"Yaushe ta gane?"

"Ranar Laraba aka dawo da wata malamar lekol, mai koyar da yara, a kan katifa. A watan Disamba na rubuta mata cewa ƙashinta lafiya lau. Ƙashin bayanta ya ruɓe ya karye. Priska ta buɗe hoton farko, ta gani. Ta zauna ta rubuta sunayen duka a littafi, mutum sittin da uku. Jiya ta buga mini a Dosso, ta ce ta ba ni zuwa Litinin in je in faɗa da bakina, in ban je ba ita za ta je."

"Sai ka taho."

"Na taho in roƙe ta. Na shiga ta baya don kada a gan ni ina roƙon ma'aikaciyata. Na durƙusa mata, Inspekta. Ta ce in tashi, ba ita zan durƙusa wa ba. Na kama littafin, ta riƙe. Na lanƙwasa mata yatsu har suka karye, ba ta saki ba. Muka faɗa kan tebur, kwalbar ta fito daga tukunyarta ta dalma, na dafa a kai. Ta juya za ta fita da littafin a ƙirji. Tubalin yana gabana."

"Sau nawa?"

"Na farko ya kayar da ita. Tana numfashi, tana kiran sunan 'yarta. Na ƙara biyu."

Inspekta ya sa masa ankwa, ya ɗaga shi daga gadon.

Littafin Priska ya ƙone, amma ainihin hotunan suna cikin ordinatar, kowane da suna da lambar waya. Kafin su fito baranda Madam Balkissa ta riga ta zauna a teburin karɓar baƙi, ta jawo wayar kilinik gabanta, tana kanne ido don ta ga lambobin ba tabarau.

Ta buga ta farko. Namiji ne ya ɗauka, muryarsa tana fitowa har inda suke.

"Salamu alaikum. Hajiya Zuwera nake nema, game da hoton da aka ɗauke ta a watan Satumba."

"Allah ya yi mata rasuwa, yau kwana arba'in da biyu. Wace ce?"

Dokta ya tsaya cak. Inspekta bai ja shi ba, ya bar shi ya ji yadda Madam Balkissa ta yi wa mutumin ta'aziyya, ta ce za a zo gida a yi masa bayani, ta ajiye kan wayar. Ta ɗauki alƙalami ta yi alama a gefen sunan.

"Mu je," in ji Inspekta.

Haoua ta matsa gefe ta ba su hanya, ba ta ɗaga kai ba. Suna sauka daga matakala Madam Balkissa ta fara danna lamba ta biyu.